Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Manyanmu Da Ake Kawo Wa Kuka

Zuwa ga iyayenmu maza da mata, malamanmu, yayyenmu, da shugabannin da muke aiki a ƙarƙashinsu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da ladabi, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Ku na zaɓa in rubuta wa domin wurinku ake fara zuwa. Kafin mutum ya kai ga likita, in ma zai kai, ya riga ya zauna a gabanku ya sunkuyar da kai ya ce al'amura sun yi masa yawa. Aiki ya tsaya, bashi ya taru, ciwo ya kwantar da wani nasa, aure na tangal-tangal, ko kuma babu abu guda da zai iya nunawa, ƙirjinsa ne kawai ya yi nauyi. Amsar da ya fi samu duk mun haddace ta: ka yi haƙuri, ka cire abin a ranka, ka daina yawan tunani, akwai wanda ya fi ka shiga matsala. Na san da zuciya ɗaya kuke faɗa, kuma ban zo in rage wa haƙuri daraja ba. Roƙona shi ne kada maganar ta tsaya nan. Wanda ya tashi daga gabanku yana bukatar ya tafi da abin da zai yi yau da dare da gobe da safe, abin da ƙafarsa da hannunsa za su iya, kuma irin waɗannan abubuwa suna nan, an gwada su an ga amfaninsu.

Bari in fara da “ka daina tunani”, domin ita ce ta fi damuna. A 1987 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Daniel Wegner, ya zaunar da mutane ya ce su yi minti 5 kada su kuskura su tuna wata farar dabba da ake kira beyar, in ta faɗo musu a rai su kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa. Da aka sake musu mara aka ce yanzu su tuna ta, sai suka fi waɗanda ba a taɓa hanawa ba yawan tuna ta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: kafin ƙwaƙwalwa ta tabbatar ba ta tunanin abu, sai ta leƙa ta duba, leƙawar nan kuwa ita ce tunanin. To idan haka ta faru da dabbar da ba ta haɗa komai da mutum ba, ina ga bashin da za a zo karɓa ranar Litinin? Wanda kuka ce ya daina tunani zai koma gida ya gwada ya kasa, sai ya ƙara wa kansa damuwa ta biyu, cewa shi rago ne ko imaninsa ya yi rauni.

Damuwa kuwa a jiki take zama. Tun 1915 Walter Cannon na jami'ar Harvard ya bayyana yadda jiki ke shirin faɗa ko gudu idan ya hango haɗari: wasu ƙananan halittu da ke bisa ƙoda su saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce, jini ya koma ga tsokoki, narkar da abinci ta dakata. Wannan shiri rahama ne ga wanda mota ta taso wa. Matsalar ita ce jiki ba ya bambance mota da saƙon mai bin bashi, kuma saƙon ba ya wucewa cikin daƙiƙa goma. A 1936 Hans Selye, yana aiki a Montreal ta ƙasar Kanada, ya ga cewa ɓerayen da aka daɗe ana gallaza wa, ko da sanyi ne ko da rauni ko da gajiya, duk ciwo iri ɗaya suke kamuwa da shi, har da gyambon ciki. A 1991 kuma Sheldon Cohen da abokan aikinsa suka ɗiga wa mutane 394 masu lafiya ƙwayar cutar mura a hanci a Ingila. Cikin waɗanda suka fi ƙarancin damuwa, kashi 27 cikin 100 ne suka yi mura. Cikin waɗanda damuwa ta fi yi wa yawa, kashi 47. Don haka idan ɗanku ya ce kansa na sarawa, wuyansa ya riƙe, cikinsa na murɗawa, an auna ba a ga komai ba, ku yarda da shi. Kuma masu irin wannan hali suna da yawa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutane miliyan 301 na fama da ciwon fargaba, miliyan 280 na fama da ciwon matsananciyar damuwa, sannan a shekarar farko ta annobar korona adadin ya ƙaru da kusan kashi 25 cikin 100.

Tambayar farko da nake so ku riƙa yi wa mai kuka ita ce: ƙarfe nawa kake kwanciya? Ku yi ta kafin nasiha. Ku dubi yadda daren mai damuwa yake. Ya kwanta sha ɗaya, ya juya dama ya juya hagu, ya lalubo waya ya ce bari ya duba lokaci. Ƙarfe ɗaya da kwata. Tunda wayar na hannu, sai ya buɗe saƙonni, ya sake karanta wanda ya ɓata masa rai da rana, ya rubuta amsa ya goge, ya shiga labarai. Ƙarfe uku yana lissafin awannin da suka rage masa. Da safe ya tashi idanu jajur, yaro ya zubar da ruwa ya daka masa tsawar da ta fi ƙarfin laifin, ya fita yana jin haushin kansa. Wannan mutumin ko wace nasiha kuka yi masa ba za ta zauna ba, domin ƙwaƙwalwar da ba ta yi barci ba ƙaramin abu take gani babba. Baligi na bukatar aƙalla awa 7. Abin da ya fi gyara barci shi ne tsayayyen lokacin tashi, kullum, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba, da fita cikin hasken safiya, domin da haske agogon jiki ke saita kansa. Ku ce ya kwana da wayar nesa da inda hannunsa zai kai. Ku ce ya bar kofi da lemon ƙara kuzari tun da rana, domin sinadarin kafeyin kan ɗauki wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jini. In ya kwanta barci ya ƙi zuwa, ya tashi ya zauna a wuri mai ƙarancin haske har sai ya ji gyangyaɗi, kada shimfiɗarsa ta zama wurin da ya saba kokawa da tunani. Akwai kuma wata 'yar dabara da masu bincike a jami'ar Baylor suka gwada a 2018: waɗanda suka ɗauki minti 5 kafin kwanciya suka rubuta ayyukan da ke jiransu sun fi saurin yin barci a kan waɗanda suka rubuta ayyukan da suka riga suka gama. Abin da aka ajiye a takarda, ƙwaƙwalwa kan huta da gadinsa.

Tafiya a ƙasa ita ce ta biyu, kuma ba sai na tsawaita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, wato rabin awa a rana, kwana biyar a mako, ya kai mutum ga matakin farko. Jikin da ya yini yana shirin gudu, in aka bar shi ya yi tafiya mai ɗan sauri har gumi ya tsatso, sai ya sauka. Amma mai damuwa ba zai tashi don an ce ya tashi ba. Yaya, in ƙaninka ne, ka je ƙofarsa ka ce ya rako ka. Magana ma ta fi fitowa idan ana tafe kafaɗa da kafaɗa, ba a kallon juna ido cikin ido.

Ga wani abu da za ku iya koyarwa nan take, mutum na zaune a gabanku yana haki, hannunsa na rawa. Ku ce ya kafa tafin ƙafarsa a ƙasa ya ji taurin ƙasan. Ya ja numfashi ta hanci yana ƙirga huɗu, cikinsa ya taso, kafaɗunsa su zauna inda suke. Ya sake shi a hankali ta baki yana ƙirga shida ko fiye. Ku yi tare da shi, kada ku tsaya kuna kallonsa. Bayan 'yan mintuna ku ce ya faɗi abu biyar da idonsa ke gani a ɗakin, da sautin da kunnensa ke ji. Fitar da numfashi a hankali na taɓa wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta ratsa ƙirji zuwa ciki, wadda aikinta shi ne rage bugun zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan dabara a farkon jagorar da ta fitar a 2020 domin mutanen da ke cikin tsanani. Ba ta biyan bashi, na sani. Tana dai dawo da mutum hayyacinsa har ya iya tunanin yadda zai biya.

Sai labarai. Bayan harin bam da aka kai wurin gasar gudu a birnin Boston a 2013, masu bincike na jami'ar Kalifoniya da ke Irvine sun tambayi dubban mutane, suka gano cewa waɗanda suka riƙa shafe awa 6 ko fiye a rana suna bin labarin harin sun fi nuna alamun firgici a kan waɗanda abin ya faru a gabansu ko ya shafi nasu. Wanda yake wurin sau ɗaya ya gani, mai waya kuwa ya gani sau ɗari. Ban ce a toshe kunne daga halin da duniya ke ciki ba. A ware wa labarai lokaci, sau ɗaya ko biyu a rana, daga kafar da aka yarda da ita, kuma kada ya zama da shi ake buɗe ido ko rufe shi. A nan ina roƙonku da babbar murya, domin sau da yawa daga wayoyin manya hotunan gawarwaki da saƙonnin tsoratarwa ke shigowa zaurukan dangi na WhatsApp. Kafin ku tura, ku tuna akwai wadda za ta buɗe shi ƙarfe biyun dare ita kaɗai.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ce ku ne wasiƙar ta fi dacewa da su. A Harare ta ƙasar Zimbabwe, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya duba ya ga yawan likitoci irinsa bai taka kara ya karya ba a ƙasa mai mutane miliyoyi. Tun wajen 2006 ya fara horar da dattawan mata, kakanni, ya ajiye musu bencin katako a harabar ƙananan asibitoci. Mai damuwa ya zo ya zauna, kaka ta saurare shi. Abin da aka koya musu ba shi da wuyar fahimta, wuyarsa a aikatawa take: ta yi shiru har ya gama, ta maimaita masa abin da ta ji don ya san an ji shi, su jera matsalolin tare, shi da kansa ya zaɓi guda ɗaya da za a fara da ita, su lissafo hanyoyin da za a iya bi, ya ɗauki ɗaya, a sa ranar da zai dawo ya faɗi yadda aka yi. An gwada wannan tsari a kan mutane 573, aka wallafa sakamakon a 2016. Bayan wata 6, cikin waɗanda suka yi zama da kakannin kusan kashi 14 cikin 100 ne suka rage da alamun matsananciyar damuwa, alhali cikin waɗanda suka samu kulawar da aka saba kusan rabi ne. Waɗannan mata ba su da digiri. Abin da suke da shi kuna da shi: shekaru, da mutunci a idon jama'a, da kunne.

Na taɓa ganin irin wannan da idona. Wata abokiyar aikinmu ta rasa mijinta, ga yara, ga haya, ga dangin miji da maganar gado. Kowa ya shigo ofis sai ya ce ta yi haƙuri, ita kuma ta ce ta gode, tana ta ramewa. Wata dattijuwa da ke share mana ofis ce ta jawo kujera wata rana bayan an tashi, ta zauna kusa da ita ta ce, “'Yata, cikin duk abubuwan nan, wanne ne ya hana ki barci jiya?” Ta yi shiru, can ta ce kuɗin makarantar babban. Dattijuwar ta ce to yau shi kaɗai za a yi magana a kai, sauran su jira. Suka yage takarda suka rubuta mutum uku da za a iya tuntuɓa, da abin da za a ce wa shugaban makarantar don a raba biyan kashi-kashi. Washegari ta tare ta a bakin ƙofa ta tambaye ta ko ta je. Mijin bai dawo ba, gadon bai warware a makon ba, amma a ranar na ga matar nan ta zauna ta ci abincin rana tare da mu.

Ku lura dattijuwar ba ta jira sai matar ta ji daɗi kafin ta sa ta motsa ba. Mai damuwa kan ce sai ya ji ƙarfi zai fita, sai ransa ya yi sanyi zai kira abokinsa, ƙarfin kuwa ba ya zuwa wa wanda ke kwance. Masu ilimin abin sun daɗe da gane cewa aiki ke fara zuwa, jin daɗi ya biyo baya, har akwai hanyar magani sukutum da aka gina a kan haka. Ya yi wanka ya sa tufafi masu tsabta ko da babu inda za shi. Ya gyara shimfiɗarsa. Ya riƙe lokutan ibadarsa, domin ban da ladan da yake nema, suna yanka masa yini gunduwa-gunduwa ta yadda ba zai zame masa dogon rami guda ba. Ya taimaki wani da abin da bai fi ƙarfinsa ba. Ya nemi mutane: wani nazari da Julianne Holt-Lunstad ta jagoranta a 2010, wanda ya tattara bincike 148 a kan mutane sama da 300,000, ya nuna masu ƙaƙƙarfar alaƙa da jama'a sun fi waɗanda suka kaɗaita damar tsawon rai da kusan kashi 50 cikin 100.

Game da godiya, ina tare da ku, amma ina da gyara. A 2003 Robert Emmons da Michael McCullough sun sa ɗalibai su riƙa rubuta abu biyar da suke godiya a kai duk mako, aka ga sun fi masu rubuta abubuwan ban haushi jin daɗin rayuwarsu. Binciken da ya biyo baya ya nuna amfanin na nan, ko da yake matsakaici ne. Sai dai godiyar da mutum ya zaƙulo da kansa daban take da wadda aka ɗora masa. Idan kuka ce “wani ya fi ka shiga matsala”, abin da yake ji shi ne ba shi da hurumin kuka, sai ya rufe bakinsa, gobe ba zai dawo ba. Ku bari ya gama faɗin abin da ke ci masa rai, sannan ku tambaye shi: a makon nan, me ya tafi daidai, ko yaya ƙanƙantarsa? Ku jira amsar ta fito daga bakinsa.

Ku shugabannin aiki da masu hali a cikin dangi, akwai magana ta musamman gare ku. Kada waɗannan dabaru su zama abin fakewa. A 2013 Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da abokan aikinsu sun wallafa gwajin da suka yi wa manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya. Manomi ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya, amma kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe, ya fi kasa warware tambayoyin gwaji a kan bayan girbi da kuɗi ya shigo. Rashi na cinye hankali. Wanda kuka riƙe wa albashi, ko kuke kira ƙarfe goman dare kan aikin da zai iya kaiwa gobe, ba darasin numfashi ya fi bukata daga gare ku ba. Ku biya shi haƙƙinsa a kan lokaci, ku bar masa darensa da ranar hutunsa. In kuna da halin ɗauke wa ɗan'uwa wani nauyi, ku ɗauke, sannan ku yi nasihar.

Kada kuma ku ɗora wa mutum duka a rana ɗaya. Abu guda ya isa a fara da shi. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutanen da ke ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, suka ga matsakaicin lokacin da take ɗauka kafin ta zama jiki kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Sannu ba ta hana zuwa. In ya dawo ya ce ya kasa, ku ce a sake daga yau.

Akwai iyakar da in an kai ta, tafiya da barci da hira ba su wadatar ba, kuma wajibi ne ku san ta. Idan mutum ya kai mako biyu kusan kullum cikin baƙin ciki, ya daina jin daɗin abin da yake so a da, cin abincinsa da barcinsa sun rikice, ya kasa aikin da ya saba, ko ya koma neman sauƙi a wurin ƙwaya ko giya, to ciwo ne da ke da magani, ku kai shi ga ma'aikacin lafiya kamar yadda za ku kai mai hawan jini. Idan kuka ji yana cewa ya gaji da rayuwa, ko gara ba shi, ko ya fara rabar da kayansa yana sallama, kada ku ce masa ya daina irin wannan magana ku juya zancen. Sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara a duniya. Ku tambaye shi kai tsaye, da taushin murya, ko yana tunanin cutar da kansa. Bincike ya nuna tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da guba da makami daga inda yake, a raka shi asibiti a ranar, kuma wanda ya raka shi ya koma ya duba shi bayan an sallame su.

Allah ya saka muku da alheri, ya ba ku ikon ɗaukar abin da ake kawo muku.

Wassalam,
Ɗaya daga cikin 'ya'yanku.